Lamba ta Uku: Yadda Motsa Jiki Ke Kwantar da Saurin Bugun Zuciya

Duk wanda aka taɓa ɗaura wa na'urar awon hawan jini a damtse, a asibiti ko a kemis ɗin unguwa, ya san lambobi uku ne ke fitowa a fuskarta. Biyu na sama su ake zura wa ido. Da an ga 150 bisa 95 sai hankali ya tashi, a shiga neman magani da batun rage gishiri. Ta ukun kuwa, wadda ke can ƙasa, sau da yawa ko karanta ta ba a yi, balle a rubuta. Ita ce adadin bugun da zuciya ke yi a minti ɗaya. A cikin duk awon da ake yi wa jikin ɗan Adam da wuya a sami mai araha kamarta, domin ko babu na'ura, yatsu biyu da agogo sun wadatar. Ga shi kuma tana ɗauke da labarin ƙarfin zuciya wanda mai ita kansa bai sani ba.

A wajen likitoci, baligin da ke zaune cikin natsuwa, idan zuciyarsa na bugawa sau 60 zuwa 100 a minti, bai fita daga ƙa'ida ba. Na jarirai da yara ya fi haka sauri, na mata kuma yakan ɗara na maza da 'yan bugu kaɗan. Sai dai tazarar da ke tsakanin 60 da 100 tana da faɗi ƙwarai. Mai 62 da mai 96 ba a matsayi ɗaya suke ba, ko da an sallami kowannensu da cewa lafiyarsa ƙalau.

Binciken da aka daɗe ana yi ne ya tabbatar da haka. A birnin Faris na Faransa an bi diddigin maza 5,713 masu matsakaitan shekaru har tsawon shekara 23, aka fitar da sakamako a 2005. Waɗanda bugunsu na hutu ya haura 75 sun fi waɗanda nasu bai kai 60 ba haɗarin mutuwar fuju'a ta toshewar jijiyoyin zuciya da kusan ninki huɗu. A Kofenhagen ta ƙasar Denmak an bi maza kusan 2,800 shekara 16, sakamakon da ya fito a 2013 ya nuna cewa duk ƙarin bugu 10 a minti yana tafe da ƙarin haɗarin mutuwa na kashi 16 cikin ɗari, kuma waɗanda suka haura 90 haɗarinsu ya ninka na masu 50 zuwa ƙasa sau uku. Wanda ya fi jan hankalina shi ne na ƙasar Nowe, da aka buga a 2011, domin shi an auna mutane ne sau biyu, da tazarar kimanin shekara goma, maza da mata wajen 29,000. Waɗanda bugunsu ya tashi daga ƙasa da 70 zuwa sama da 85 a tsakanin awon biyu, haɗarin mutuwarsu ta ciwon jijiyoyin zuciya ya kusa ninka na waɗanda nasu ya tsaya a ƙasa. Ke nan ba lambar yau kaɗai ce abin dubawa ba, har da inda ta dosa.

Me ke riƙe da zuciya?

A saman ɗakin dama na zuciya akwai wani ɗan ƙullin ƙwayoyin halitta da ke tayar da lantarkin kowane bugu. Wasu Turawan Birtaniya biyu, Arthur Keith da Martin Flack, su ne suka bayyana shi a 1907. Wannan ƙulli ba ya jiran umarni daga ko'ina. In an bar shi da halinsa, zai kai bugu ɗari ko fiye a minti a jikin matashi. Shi ya sa mutanen da aka yi wa dashen zuciya, waɗanda aka yanke jijiyoyin da ke haɗa sabuwar zuciyar da ƙwaƙwalwa, bugunsu na hutu yakan zauna tsakanin 90 da 110.

To me ya sa na sauran jama'a yake ƙasa da haka? Akwai wata doguwar jijiya, likitoci na kiranta bagus, da ta sauko daga gindin ƙwaƙwalwa ta bi ta wuya zuwa ƙirji da ciki. Aikinta a kan zuciya aikin linzami ne a bakin ingarma: doki na son sukuwa, mahayi na riƙe da shi. A 1921 wani masani mai suna Otto Loewi, a birnin Graz na Ostiriya, ya nuna yadda abin ke faruwa. Ya tsokani wannan jijiya a zuciyar kwaɗo har bugunta ya ragu, sannan ya ɗebi ruwan da zuciyar ke ciki ya zuba wa wata zuciyar kwaɗon, ita ma sai ta lafa. Ashe wani sinadari ne jijiyar ke saki. Wannan aiki ya ba shi kyautar Nobel a 1936. A ɗaya ɓangaren kuma akwai jijiyoyin tsoro da fargaba, tare da sinadarin adirenalin, waɗanda ke zaburar da zuciya idan aka ji ƙarar bindiga ko aka sami mummunan labari. Bugun mutum na hutu sakamakon ja-in-jar waɗannan biyun ne. Zaman wuri ɗaya, ƙarancin barci, taba da damuwa suna sassauta riƙon linzamin. Motsa jiki mai ɗorewa yana ƙarfafa shi.

Wannan rabin bayanin ne. Ɗaya rabin lissafi ne mai sauƙi. Jikin baligi a zaune yana buƙatar jini kimanin lita 5 a kowane minti. Idan zuciya na harba mililita 70 a bugu ɗaya, sai ta buga kusan sau 70 kafin ta cika wannan buƙata. Idan ta yi ƙarfi har tana harba mililita 100, bugu 50 ya ishe ta. Buƙatar jiki ba ta canja ba, zuciyar ce ta koyi ɗaukar kaya da yawa a sawu ɗaya. Motsa jiki na kawo haka ta hanyoyi da dama. Cikin kwanakin farko ruwan jini yakan ƙaru, sai zuciya ta riƙa cika sosai kafin ta matse. Cikin watanni ɗakinta na hagu yakan ƙara faɗi da laushi da ƙarfi. Tsokokin ƙafa su kuma suna tsiro da sababbin ƙananan hanyoyin jini, suna ƙwarewa wajen zuƙe iskar oksijin daga jinin da ya iso musu. Masu bincike a Jami'ar Mancesta sun ƙara da wani abu a 2014: a jikin ɓerayen da aka horar da gudu, shi kansa ƙullin da ke tayar da bugu ya sauya, ya rage gaggawarsa ta asali. Ƙarshen wannan hanya shi ne irin su Miguel Indurain, ɗan Sifaniyan da ya lashe babbar gasar tseren keke ta Faransa sau biyar a jere daga 1991 zuwa 1995, wanda aka ruwaito bugunsa na hutu 28 ne a minti. Ba wannan ake nema wa mai karatu ba. An kawo shi ne don a ga iya inda zuciyar ɗan Adam za ta iya miƙewa.

Akwai masu cewa, in dai gudu na sa zuciya bugawa da sauri, ai gajiyar da ita ake yi. Lissafi bai goyi bayansu ba. Mai bugu 90 a minti, zuciyarsa na bugawa sau 129,600 a yini da dare. Mai 70 kuwa sau 100,800. Bambancin ya kai 28,800 a kowace rana ta Allah. Idan mai 70 ɗin ya yi tafiyar sauri ta rabin awa bugunsa na kan 130, abin da ya ƙara bai wuce 1,800 ba. Sannan ita kanta tsokar zuciya, mafi yawan jinin da take sha tana samunsa ne a ɗan tsakanin da take sakewa bayan ta matse. Duk lokacin da bugu ya yi sauri, wannan ɗan tsakanin ne ke fara gajarta. Zuciya mai gaggawa aikinta ya fi yawa, abincinta kuma ya fi ƙaranci.

Mako uku a kan gado

A 1966 wasu likitoci a birnin Dalas na Amurka, cikinsu har da Bengt Saltin da Jere Mitchell, suka ɗauki samari biyar 'yan shekara 20, lafiyayyu, suka kwantar da su a gado mako uku ba tashi. Ba ciwo, ba yunwa, kwanciya kawai. Da aka tashe su aka auna, ƙarfin jikinsu na amfani da iskar oksijin ya faɗi da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Jinin da zuciyarsu ke harbawa a bugu ɗaya ya ragu, aikin da a da suke yi cikin sauƙi yanzu sai da bugu mai yawa. Aka sa su atisaye mai tsanani na mako takwas, suka dawo har suka wuce inda suke tun farko.

Bayan shekara 30, a 1996, aka sake nemo mutanen nan biyar, kowannensu ya kai hamsin, ƙiba ta zo, jiki ya yi nauyi. Da aka auna su sai aka ga abin mamaki: ɓarnar da shekara talatin ta yi wa ƙarfin zuciyarsu ba ta kai wadda mako uku na kwanciya ya yi musu suna samari ba. Aka sake sa su motsa jiki, wannan karon a hankali, tafiya da sassarfa da tuƙa keke na wata shida. Ƙarfin da shekaru suka ci ya dawo. Mutum biyar ba su da yawa, kuma ba a yanke wa duniya hukunci da su. Amma abin da suka nuna, manyan bincike sun yi ta maimaita shi: yawancin abin da muke ɗora wa tsufa, zama ne ya jawo shi, kuma ɗan shekara hamsin bai makara ba.

Tun kafin wannan, a 1953, wani likita mai suna Jerry Morris ya duba ma'aikatan motocin bas masu hawa biyu na birnin Landan, su wajen 31,000. Direba na zaune yini guda. Kwandasta kuwa yana hawa yana sauka a matakala ɗaruruwan sau yana karɓar kuɗi. Mota ɗaya, hanya ɗaya, iska ɗaya suke shaƙa, amma ciwon jijiyoyin zuciya ya fi kama direbobi, kuma ya fi saurin kashe su. Duk wanda ya dubi yadda rayuwar biranenmu ta koma zai gane kujerar da yawancinmu muka zauna a kai. Daga ƙofar gida a hau babur ko adaidaita sahu, a sauka a bakin shago ko ofis, a wuni a benci, a dawo a kishingiɗa da waya a hannu. Tafiyar da iyayenmu ke yi zuwa gona da kasuwa da ziyarar 'yan uwa ba tare da sun kira ta motsa jiki ba, mu sai mun ware mata lokaci da gangan.

Wani zai ce, tunda saurin bugu ne matsalar, me zai hana a sha ƙwaya a huta? An gwada. Akwai magani mai suna ivabradine wanda aikinsa rage saurin ƙullin nan ne kawai. Ga masu gazawar zuciya ya yi amfani. Amma da aka ba shi ga mutane fiye da 19,000 masu ciwon jijiyoyin zuciya waɗanda zuciyarsu ba ta gaza ba, a binciken da ya fito a 2014, bugunsu ya sauka da kimanin 10 a minti, mace-mace da toshewar jijiya kuwa ba su ragu ba. A ganina wannan ne ginshiƙin maganar duka. Lambar alama ce. Abin nema shi ne zuciyar da ta yi ƙarfin da ba ta buƙatar gaggawa, kuma wannan ba a sayar da shi a kemis.

Kafin a ɗaura takalmi

A nan ne nake so mai karatu ya dakata, domin a ƙasarmu ba kowane saurin bugu ne na rashin motsa jiki ba. Zuciya takan yi sauri ne don cike wani giɓi, kuma in ba a san giɓin ba, gudu na iya zama ƙarin wahala.

Zazzaɓi na ƙara kimanin bugu 10 a kan kowane digiri ɗaya na zafin jiki, don haka awon da aka yi ana fama da zazzaɓin cizon sauro ba abin dogaro ba ne. Ƙarancin jini na daga cikin manyan dalilai, musamman ga mata masu haila mai yawa, masu ciki, masu shayarwa da masu sikila: jinin ba ya ɗaukar iska yadda ya kamata, sai zuciya ta rama da yawan zagaye. Ƙishirwa a watannin bazara tana yin haka. Halittar nan ta gaban wuya wadda kumburinta ke zama maƙoƙo, idan aikinta ya yi yawa, takan sa bugu ya yi sauri tare da rama, rawar hannu da yawan gumi. Ciki shi kansa yana ƙara bugu 10 zuwa 20, kuma wannan ba ciwo ba ne. Sai abubuwan da muke kai wa baki da hannunmu: goro, shayi mai kauri, gahawa, lemon ƙarin kuzari da matasa ke sha kamar ruwa, taba sigari da shisha. Wasu magungunan mura da abin shaƙa na masu asma su ma suna tayar da bugu.

Mai jego kuwa maganarta daban ce, kuma ta shafe mu fiye da kowa. Akwai wata gazawar zuciya da ke kama mata a ƙarshen ciki ko a watannin farko bayan haihuwa, kuma arewacin Nijeriya na cikin wuraren da ta fi yawa a duniya. Tun a shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, suka bayyana yawanta a Zariya, suka danganta ta da kunun kanwa, wankan jego da ruwa mai tsananin zafi da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta. Binciken baya-bayan nan da Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya jagoranta a asibitoci da dama na ƙasar ya fi karkata ga wasu dalilan, irin su rama, talauci da hawan jinin masu ciki. Ko ma mene ne sanadin, alamomin ba su ɓuya: zuciya na dukan uku-uku, haki ko da ɗan aiki kaɗan, kumburin ƙafa, tari da kasa kwanciya sai an tada kai da matashi. Matar da ke cikin wannan hali ba motsa jiki take buƙata ba, asibiti take buƙata a ranar. Maigida da uwar miji da ungozoma su ne za su fara gani, kada a ce gajiyar haihuwa ce a zauna.

Haka nan duk wanda bugunsa na hutu ke haura 100 a kai a kai, ko yake jin bugun na tsalle ba tsari, ko yake samun ciwon ƙirji, jiri ko suma, ko kuma yana da hawan jini mai tsanani, ciwon suga da ya daɗe ko tsohon ciwon zuciya, likita zai fara gani kafin fili. Masu shan magunguna irin su atenolol da propranolol su sani cewa maganin na danne bugu, don haka lambarsu ba za ta nuna musu ci gaba yadda ya kamata ba, kuma ba a daina waɗannan magunguna farat ɗaya.

Awon kansa ba shi da wuya. Likitocin zamanin da, irin su Ibn Sina wanda ya yi dogon bayani a kan bugun jijiya a littafinsa na Al-Ƙanun, da yatsu kawai suke aiki. Sai a 1707 wani likitan Ingila, John Floyer, ya yaɗa ƙirga bugu da agogo. Da safe ake yi, bayan an farka kafin a shiga hidima, ko bayan an zauna shiru na minti biyar, kafin shayi ko goro. A ɗora manuniya da yatsan tsakiya a wuyan hannu ta gefen babban yatsa. Ba a amfani da babban yatsan, don shi ma yana da nasa bugun. A ƙirga na daƙiƙa 30 a ninka biyu, in kuma bugun ba ya tafiya daidai a ƙirga minti cikakke. Awon rana ɗaya ba ya cewa komai. A yi na mako guda a rubuta, tsaka-tsakinsa shi ne mafarin mutum.

Tafiya, ba tsere ba

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici, ko 75 zuwa 150 na mai ƙarfi, tare da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu. Mafi ƙarancinsa rabin awa ne sau biyar a mako. Matsakaici kuwa ana gane shi da numfashi: mutum na tafiya yana ɗan haki, jiki ya ɗumama, zai iya amsa gaisuwa ya yi hira da abokin tafiya, amma ba zai iya jan dogon karatu ko rera waƙa ba. In hira ta gagara, ya shiga mai ƙarfi. In kuwa yana tafe yana duba waya hankali kwance, yawo yake yi.

Wanda ya shekara goma bai yi tafiyar kirki ba, ya fara da minti goma. Mako mai zuwa ya ƙara biyar. Kuskuren da na fi gani a wajen maza shi ne na zuciyar samartaka: mutum ya kwana shida a zaune, ran Asabar ya sa riga ya shiga fili ya buga ƙwallo da yaran da ya haifa. Wannan ba ya saukar da bugu, kuma shi ne lokacin da haɗari ya fi kusa ga wanda bai saba ba. Abin da zuciya ke amsawa shi ne maimaici. Sannu ba ta hana zuwa. Bayan wata biyu ko uku, in jiki ya karɓa, sai a fara sa ɗan gishiri: a yi sauri sosai na minti ɗaya ko biyu, a sassauta, a sake. Masu bincike a birnin Trondheim na Nowe sun shahara da tsarin minti huɗu na ƙoƙari sau huɗu, da hutun minti uku a tsakani, kuma sun nuna yana ƙara yawan jinin da zuciya ke harbawa. Hawan tudu ko matakalar bene na yin irin wannan aiki. Keke ma haka, kuma ya fi sauƙi ga mai ciwon gwiwa ko mai nauyin jiki.

Yanayinmu na da nasa sharuɗɗa. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, jiki na tura jini da yawa zuwa fata don ya huce, sai bugu ya tashi ko da tafiyar ba ta canja ba. Bayan sallar asuba ne lokacin da ya fi dacewa, sai kuma gab da magariba, da ruwa a hannu. A hunturu mai asma ya kiyayi safiyar da ƙura ta yi kauri. Da azumi a rage ƙarfi, a mayar da tafiyar bayan an sha ruwa ko bayan asham, amma kada a ajiye ta wata guda cur, domin abin da aka tara yana fara zubewa cikin makonni kaɗan.

Manomi, ɗan dako da mai ga-ruwa za su ce su ai aikinsu ya ishe su. Sau da yawa gaskiyarsu ne, musamman mai doguwar tafiya. Sai dai bincike daga Denmak ya nuna cewa aikin ƙarfi na wuni guda, mai ɗaga kaya da tsayuwa ba hutu, ba ya ba zuciya irin ribar da motsa jiki na ɗan lokaci mai biye da hutu ke bayarwa. Yana riƙe bugu da hawan jini a sama sa'o'i da yawa ba tare da ya kai matakin da ke horar da zuciya ba. Irin waɗannan bayin Allah abin da ya fi musu amfani shi ne hutu a inuwa, ruwa, barci da awon hawan jini.

Mata su ne suka fi ba ni tausayi a wannan fanni, domin su ne suka fi fama da faɗuwar gaba da ƙarancin jini, su ne kuma ba su da wurin zuwa. Injin niƙa ya karɓi daka da niƙa, famfo ya rage zuwa rijiya, kuma alheri ne, amma ba a maye gurbin wannan motsi da komai ba. Matar da ba ta fita za ta iya zagaya tsakar gida da sauri na minti goma sau uku a rana, ko ta riƙa hawa da sauka a kan dakali, ko tsallen igiya in gwiwa ta yarda. Lissafin duk ɗaya ne a wajen zuciya. Ya kamata kuma magidanta su daina kallon wannan a matsayin wasa. Makarantun 'yan mata da Islamiyyu masu katanga suna da filaye da ke zaman banza da sassafe da ranakun hutu. Ba abin da zai hana masu unguwa da shugabannin makarantu su ware wa matan unguwa sa'a guda.

Nawa zai sauka?

Gara a faɗi gaskiya tun yanzu don kada a karaya. Wani nazari na 2018 da ya tattara bincike 191 ya nuna cewa motsa jiki mai sa haki yana saukar da bugun hutu ga maza da mata, amma a tsaka-tsaki 'yan bugu ne, ba su kai goma ba, kuma waɗanda suka fara da lamba mai yawa su ne suka fi ganin sauƙi. A wani babban bincike na iyalai baƙaƙe da farare a Amurka da Kanada, wanda Claude Bouchard ya jagoranta, an horar da ɗaruruwan mutane a kan keke mako 20. Bugunsu na hutu bai sauka da fiye da biyar ba a tsaka-tsaki, amma bugun da suke yi a kan aiki iri ɗaya ya sauka fiye da haka nesa, kuma an ga bambanci mai yawa tsakanin iyali da iyali. Gado na da hannu a ciki. Mutum biyu za su yi tafiya tare wata shida, ɗaya ya sauka daga 88 zuwa 74, ɗayan ya tsaya a 82, alhali dukansu sun amfana.

Saboda haka akwai awo na biyu da ya kamata a haɗa da na safe. A zaɓi wata tafiya da ba ta canjawa, a ce daga gida zuwa wata mahaɗa da sauri ɗaya, a ƙirga bugu da zarar an tsaya, a sake ƙirgawa bayan minti ɗaya. Likitocin birnin Cleveland na Amurka sun nuna a 1999 cewa wanda bugunsa bai sauka da fiye da 12 ba a minti na farko bayan ƙoƙari mai tsanani yana cikin haɗari fiye da saura. Wannan saurin dawowa yakan gyaru tun kafin lambar safe ta motsa. Ita ma lambar safen tana da wani amfani: in ta tashi da bugu bakwai ko goma sama da yadda aka saba, jiki na cewa bai huta ba, ko zazzaɓi na tafe, ranar sai a sassauta.

Idan kuwa an yi wata uku ana tafiya da gaske, an rage goro da shayi, an bar taba, barci ya daidaita, amma bugun safe na nan sama da 90, to lokaci ya yi da za a ɗauki takardar da ake rubuta awon a kai wa likita. Abin da zai fara nema sanannu ne: awon PCV don duba yawan jini, awon suga, gwajin aikin halittar maƙoƙo, da ECG wanda ke zana tsarin lantarkin zuciya a takarda cikin 'yan mintuna. Wanda kuma nasa ya sauka ƙasa da 60 saboda motsa jiki, yana jin ƙarfi, ba jiri ba kasala, babu abin damuwa. In saukar ta zo da jiri, gajiya ko suma, musamman ga dattijo ko mai shan maganin zuciya, shi ma likita zai gani a makon.